Filtar naira 5,000 da ta cinye mini ribar biki

Na sayi kyamarata ta farko a ƙarshen damunar 2022, bayan shekara biyu ina riƙe wa maigidana fitila da jaka a wuraren biki. Canon 600D ce ta hannu, da lensin da take zuwa da shi, 18-55mm. Mun gama ciniki, na tura kuɗi, muna jiran alat ya shigo, sai mai shagon ya sunkuya ya zaro wata 'yar baƙar jaka mai aljihu uku ya ajiye a kan kanta. Ya ce, "Abokina, ai ba a fita da amarya babu mayafi. Ƙurar garin nan kaɗai ta isa ta cinye maka gilashi cikin wata uku." A cikin jakar akwai filta uku, wato gilasan da ake ɗaurawa a gaban lensi, kowace kamar murfin gwangwanin tumatir: ɗaya fara tas an rubuta UV a bakinta, ɗaya mai duhu an rubuta CPL, ta ukun ruwan hoda mai ɗan shuni an rubuta FLD. Babu sunan kamfani a jikinsu, sai dai 58mm. Ya ce naira 7,000, muka daidaita a 5,000. Wanda ya zube adashin shekara guda a kan kyamara ba zai tsaya jayayya kan 5,000 da aka ce za ta tsare masa ita ba. Da hannunsa ya ɗaura mini ta UV ɗin, ya murɗe ta tamau, ya ce kada in kuskura in cire ta. Na kuwa riƙe maganar kamar karatun allo.

Wata biyun farko ban ga aibu ba. Ayyukan da nake samu duk na rana ne, ɗaurin aure, suna, walimar sauka, kuma kusan kullum rana tana bayana. Abin da kawai na lura da shi, idan mutum ya tsaya a bakin zaure haske na bayansa, sai hoton ya fito kamar an watsa masa toka, baƙar babbar riga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Na ɗora laifin a kan lensin, na ce ai ɗan araha ne, in na koma kwamfuta sai in ƙara wa hoton kauri in wuce. Wani abin kuma shi ne goge ta. Yatsa ɗaya ya taɓa gilashin, sai ka yi ta murza ƙyalle, maiƙon yana zagayawa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙi fita.

Ranar da abin ya fashe ita ce ranar dina ta farko da na karɓa da sunana, ba da sunan maigida ba. An ƙawata zauren da ƙananan ƙwayayen wuta jere-jere tun daga ƙofa har kujerar ango da amarya, a bayansu kuma an rubuta sunayensu da haske a jikin bango. Ina ɗauka ina leƙa ɗan allon bayan kyamara, komai lafiya a idona, don allon inci uku ba ya tona asiri. Na dawo gida wajen ƙarfe ɗaya na dare, ko takalmi ban cire ba na zura memori a kwamfuta. Hoton shigowar amarya na fara buɗewa, sai gabana ya faɗi. A kan ƙirjin ango, kan farar shaddarsa, ɗige-ɗige ne kore a jere kamar carbi. A goshin amarya akwai guda babba. Na buɗe na yankan kek, na ga abin da har yau ban manta ba: sunan amarya da ke rubuce da haske a saman bango ya sake fitowa a ƙasan hoton, a kan siket ɗin rigarta, kore, kuma a kife, kai ƙasa. Kowane ƙwan wuta da ke cikin hoto yana da ɗan tagwayensa a ɗaya ɓangaren. Cikin hotuna wajen 400, sama da 60 ne suka kamu, kuma su ne waɗanda ake biyan kuɗi dominsu: shigowa, yankan kek, rawar ango da amarya.

Dare uku na yi ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Na kan shadda sun gogu, amma wanda ya faɗa kan fuska ko kan leshi mai duwatsu, in ka goge sai wurin ya zama kamar tabon ƙuna. Da na kai albam, uwar amarya ta sa tabarau tana buɗawa a hankali, ta tsaya a wani shafi ta ce, "Ɗan nan, wannan koren abin da ke goshin 'yata fa? Ko aljanu ka ɗauko mana?" Tana dariya, amma ba dariyar jin daɗi ba. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kyamara ce ta ba ni matsala." Ta cire naira 20,000 daga cikon kuɗina, ban iya cewa uffan ba. Ribar aikin ke nan gaba ɗaya. Washegari na ɗauki rasit na koma shagon da na saya. Mutumin ya kalli hotunan a wayata ya ce garantinsa na sati biyu ne kuma ya wuce, wataƙila sensa ce, wato allon cikin kyamara da ke kama hoto, ta taɓu, ko na bar ta a rana. Filtar da ya ɗaura da hannunsa tana gaban idonsa, ko kallonta bai yi ba, ni ma haka. Maigidana yana Abuja wurin aiki, a waya ya kwatanta mini wurin wani dattijo mai gyara, wanda tun zamanin fim yake sana'ar.

Na je ranar Litinin da hantsi, yaronsa ya ce sun tafi jana'iza, in dawo gobe. Ranar Talata na iske mutum uku a gabana a kan benci. Shagon ɗan tsukuku ne a saman bene, kanta cike da gawarwakin kyamarori, ga fanka tana juyawa da ƙyar. Awa biyu na yi ina jira, ina lissafin nawa sensa za ta ci, ina tunanin ko in sayar da wayata. Da layi ya zo kaina, abu na farko da ya tambaya rasit ne, don ba ya taɓa kyamarar da ba a nuna masa shaidar saye ba, saboda kayan sata. Ya gwada lambar da ke ƙasan kyamara da ta jikin rasit, ya rubuta a wani kati, ya karɓi naira 2,000 kuɗin dubawa. Sannan ya kalli hotuna uku kacal. Bai buɗe kyamarar ba, juyo ta kawai ya yi ya kalli gabanta, ya ce, "Samari, mene ne wannan ka liƙa mata?" Na ce, "Baba, filta ce, don ƙura." Ya miƙo mini ya ce in cire. Na kama da yatsu biyu na murɗa, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi har yatsuna suka yi ja. Ya ce in bari haka, matsawar da nake yi ita ke lanƙwasa zoben, domin na alminiyam ne mai laushi, tana ƙara cije bakin lensin. Ya jawo wani sabon silifa daga ƙarƙashin tebur, ya kifa fuskar lensin a kan tafinsa, ya danna daidai wa daida ya juya, sai ga ta ta saki kamar da ma jira take. Ya sa yaron ya rufe taga ya kashe wuta, ya kunna tocilan wayarsa ya jingina a kan kanta. Ya ce in ɗauka babu filta, na ɗauka. Ya ɗora ta a gaba ya ce in sake. A hoto na biyu ga koren ɗigon nan, a ɗaya ɓangaren, daidai irin na goshin amarya.

Ban san lokacin da na zauna ba. Shi kuwa ya ci gaba da bayani yana goge tabarau. Gilashin da ba a yi masa shafen rage ƙyalli ba, kowace fuska tasa tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, fuska biyu kusan kashi 8 ke nan. Sensar kyamara kuma tana da ƙyalli kamar madubi. Haske mai ƙarfi ya shiga ya bugi sensa, wani ya dawo waje, ya ci karo da shimfiɗaɗɗen gilashin filta, ya sake komawa ciki ya sauka a kishiyar inda ya fito. Abin da ya kifar da sunan amarya ke nan. Tokar da nake gani a hoton bakin zaure ma daga nan take, hasken da ke yawo tsakanin gilasai ne yake wanke baƙi. Ya buɗe wata durowa ya ɗauko tsohuwar filtar B+W, ta Jamus, mai baƙin zobe da nauyi a hannu, ya ce tagulla ce a ciki, shi ya sa ba ta cijewa. Ya riƙe su biyun a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A jikin tawa ƙwan ya fito fari fat, har kana iya karanta rubutun jikinsa. A jikin tasa sai wata 'yar inuwa kore-kore da ƙyar ake ganinta, in ka karkata ta ma sai ka rantse zobe ne babu gilashi. Ya ce wannan shafen, hawa-hawa a kan juna, shi ake saya da kuɗi, yana sauko da abin da gilashi ke mayarwa zuwa ƙasa da kashi 1. Na tambaye shi amfanin UV ɗin. Ya ce a zamaninsu fim yana jin hasken da ido ba ya gani, sai hoton nesa ya yi shuɗi-shuɗi, shi ya sa suke sa ta. Kyamarar yanzu kuwa an riga an sa mata matacin wannan hasken a gaban sensa tun daga kamfani, saboda haka filtar UV a yau murfi ce kawai da ake gani ta cikinsa. Ta FLD kuma ta gyaran launin dogon ƙwan lantarki ce a kan fim, aikin da maɓalli ɗaya ke yi yanzu. Na sauko daga benen ina lissafi: 5,000 na filta, 20,000 na Hajiya, 2,000 kuma na biya don a kwance mini abin da na sa aka ɗaura. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Da na ji haka sai na ɗauka magana ta ƙare, a sayi mai shafe kawai. A lokacin na ƙara lensi na biyu, Canon 50mm f/1.8 STM, don hoton fuska. Na karanta a wani wuri cewa 50mm ɗin Canon yana cin filta 52mm, na shiga wani shafin saye na ƙasar Sin na yi oda, kusan naira 6,000 har da kuɗin aikowa. Kullum sai na duba lambar bin sawu. Ta yi kwana tara a wuri guda ba ta motsa ba, har na fitar da rai. Sai a kwana na 25 aka kira ni in zo in karɓa, na hau adaidaita sahu zuwa can wani ofishi, aka nemi katin shaida, na sa hannu a littafi, na biya 1,000 da aka ce na ajiya ne. Na dawo gida da murna, na ɗora ta a bakin lensi, sai ta zauna a sama kamar faifai a kan tukunya. Ashe 52mm na tsohon samfurin ne, mai lamba II, nawa 49mm yake ci. Wannan laifina ne ni kaɗai. Girman yana rubuce a gaban kusan kowane lensi, kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ja wa layi a karkace, ø, yawanci ma yana cikin murfin lensin. Ba ruwansa da 50mm ko 18-55mm da ke jikin lensin, wancan lissafin jawo hoto ne, wannan kuwa faɗin baki. Mayar da ita ya fi kuɗinta tsada, sai na jefa ta a durowa.

Na uku ya fi ciwo, don a nan kwaɗayi ne ya ja ni. Na ga wani a Legas yana tallar filta 58mm mai sunan wani babban kamfanin Japan a naira 8,000, alhali na san a waje kuɗinta ya ninka haka sau uku. Na ce wataƙila tsohon kaya ne yake son rabuwa da shi. Na tura kuɗi, ya ba direban mota, bayan kwana biyu na je tasha na biya 1,500 na karɓi ƙunshi. Kwalin ya yi kyau, har da 'yar takarda a ciki. Amma yanzu ina da ma'auni. A nan tashar na ɗaga ta sama, na ga rana a jikinta fari fat kamar a madubin mota. Na kai wa Baba don in tabbatar, ya juya ta sau ɗaya, ya kankare rubutun bakin zoben da farce, fentin ya fita. Ya ce, "Kwalin dai na kirki ne, ka ajiye shi." Na kira mutumin Legas, ya ɗauka sau ɗaya, daga nan layi ya daina shiga.

Sai dai ba zan yi wa jakar 5,000 ɗin nan ƙarya ba, akwai guda a ciki da ta yi aiki. A watan Nuwamba, kafin hazo ya sauka, muka je madatsar ruwa ta Tiga da wasu abokai, na ɗauki CPL ɗin don in gwada. Baba ya riga ya nuna mini yadda ake gane ta gaske: ka riƙe ta a gaban allon kwamfuta, bakin da ke shiga lensi yana kallonka, ka juya a hankali, in allon ya yi duhu ya koma haske to tana aiki. Tawa ta yi. A bakin ruwa na ɗaura ta ina juya zoben gaba, ina kallo ta cikin kyamara, sai ƙyallin da ke kan ruwa ya janye kamar an yaye zane, duwatsun ƙasa suka bayyana, ganyen bishiyoyi ya yi kore shar, sama ta yi shuɗi mai kauri, farin gajimare ya fito. Wannan abu ne da kwamfuta ba ta iya yi maka bayan an ɗauka, ƙyallin da ya rufe ruwa ya rufe ke nan. A ranar na koyi cewa ta fi ƙarfi idan rana tana gefen kafaɗarka, in tana gabanka ko bayanka kusan ba ta komai. Na koyi cewa tana cin haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu (kowane mataki yana raba haske biyu), don haka ba abar ɗaki ba ce. Na kuma koyi cewa bakin lensina na 18-55mm yana juyawa in yana neman saiti, dole sai ya gama sannan in juya filta, in ba haka ba ya ɓata mini abin da na daidaita. Aibunta bai fito ba sai da na ari lensin abokina mai 55-250mm, shi ma 58mm yake ci, na jawo wani mai kwalekwale daga nesa. A 250mm hoton ya yi laushi kamar an shafa wa gilashi man kaɗanya, na cire filta na sake ɗauka, ramukan tarunsa suka fito ɗaya-ɗaya. Gilashin araha ba ya miƙewa sumul, kuma lensi mai jawo nesa yana ƙara girman karkacewar kamar yadda yake ƙara girman mutum. Ga kuma ɗan rawaya da take zuba wa fararen kaya. Duk da haka a kanta na koyi aikin, kuma hotunan da na ɗauka a 18mm zuwa 35mm har yau ina nuna su.

Da aka fara nemana da bidiyo sai wata buƙatar ta taso. In kana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ana son shota, wato ƙofar da ke buɗe wa haske, ta tsaya a 1/50 na daƙiƙa don motsi ya yi kama da yadda ido ke gani. A ranar Kano da tsakar rana, ko ka sauke ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 100, wannan yana tilasta maka rufe idon lensi zuwa wajen f/22, inda komai zai fito ƙarara har da buhun shara da ke bayan ango. In kana son buɗe idon zuwa f/2.8 don baya ya narke, sai ka rage haske mataki shida, aikin filtar ND ke nan, tabarau ce ta kyamara. ND8 tana rage mataki uku, ND64 shida, ND1000 goma. Na sayi irin wadda ake juyawa tana ƙara duhu, 'yar naira 7,500, don na ga kamar filta goma ce a kuɗin ɗaya. Allah Ya taimake ni a kan ƙanena na gwada ta a ƙofar gida, ba a wurin biki ba. Daga farko lafiya, amma ina wuce rabin juyi sai fatarsa ta koma kore-kore kamar mai ciwon shawara, ina kaiwa ƙarshe sai wani ƙaton baƙin kuros ya ratsa hoton daga kusurwa zuwa kusurwa. Irin wannan filtar gilashi biyu ne irin na CPL a kan juna, in suka gicciye sosai sai duhun ya ƙi rabuwa daidai, musamman a 18mm. Masu tsada ma suna da wannan halin, shi ya sa ake sa wa wasunsu birki don kada juyin ya kai wurin. Tawa ba ta da birki, kuma wurin da take aiki lafiya bai wuce mataki uku ba. Na sa jan farce na yi mata alama inda kuros ke farawa, na lallaɓa da ita wata biyu, kullum ina fama da gyaran launin fata.

Hunturu ya shigo, lokacin da biki ya fi yawa, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta rufe gari. A nan na gane mai shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙurar nan tana da kaifi, in ka goge ta a bushe da bakin riga kamar ka sa sanfefa ne. Kuma ban ga filtar da ke huda hazo ba, na gwada UV na gwada CPL, Dutsen Dala yana nan a dushe yadda yake. Aka kira ni hawan angwanci, na san dawakai za su tayar da ƙasa, sai na ɗauko jabun nan ta Legas na ɗaura, na ce in za ta mutu ta mutu a bakin aiki. Rana ce, na kuma kiyaye kada in fuskance ta. Ina durƙushe a gefen hanya, wani matashi ya sako dokinsa a guje ya ja linzami a gabana, kofato ya watso tsakuwa, na ji ƙas. Filtar ta tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Na kai wa Baba ina murna, na ce yau dai araha ta yi rana. Ya sa ɗan ƙaramin filaya ya kwance lanƙwasasshen zoben, ya hana ni gogewa, ya bi da famfon roba yana hure ɓarɓashin, don su ne ke karce lensi in aka murza. Ya ce kada in cika baki, gilashin gaban lensi ya fi na filta kauri da tauri nesa ba kusa ba, dutsen da ya fasa wannan ba lallai ya yi wa wancan komai ba. Sannan ya tambaye ni ina malafar lensin, wato bakin robar nan da ake ɗaurawa a gaba. Na ce ban da ita. Ya girgiza kai ya ce ita ce ta fi cancanta da kuɗina tun ranar farko: tana tare hasken gefe, tana tare yatsa da bango da gwiwar hannun 'yan biki, kuma ba ta sa gilashi ko ɗaya tsakanina da hoto. Naira 2,500 na saye ta.

Yanzu ga yadda nake yi, ga wanda zai shiga inda na shiga. Da na koma Sigma 17-50mm f/2.8, mai bakin 77mm, sai na daina sayen filta don kowane lensi. Na tara kuɗi na ba wani ɗan'uwa da zai dawo daga Dubai ya sayo mini CPL ɗin Hoya 77mm a shagon da ke ba da rasit, daga baya na ƙara ND8 da ND64 waɗanda ba a juyawa. Sauran lensina kuma na saya musu zoben haɗi, 49 zuwa 77 da 58 zuwa 77. Zoben ƙarfe ne kawai babu gilashi, saboda haka a nan araha ba ta cutarwa, sai dai ka goga bakin fensir a zarensa don kada ya cije, kuma ka san malafar ƙaramin lensi ba za ta shiga ba in zoben na kai. Babbar filta za ka saya ka sauko da ita, ƙarama ba ta hawa babban baki sai ta baƙanta kusurwoyi, haka ma in ka jera filta biyu a 17mm. Filtar kariya guda ɗaya gare ni, mai shafe, tana aljihun jaka, ba ta fitowa sai ranar ƙura, ranar dawakai, ko wurin kamu inda ake fesa turare ta ko'ina. Da magariba ta yi, ko na shiga zaure mai fitilu, babu abin da ke gaban lensina sai malafa, don mai tsadar ma tana iya yin ɗan tagwayen haske in wutar ta yi ƙarfi.

Duk filtar da ta zo hannuna kuma, kafin in biya ko kafin in kai ta wurin aiki, sai ta bi ta matakan da Baba ya bi da ni. In ɗaga ta ƙarƙashin ƙwai in ga ko fari take mayarwa ko ɗan kore. In ɗora ta a kan farar takarda in ga ko ta sauya mata launi. In kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, in jawo kalandar bango da lensi mafi nisa, in ɗauka da ita da kuma babu ita, in buɗe su a kwamfuta har ƙarshe. Sannan in kashe wuta in kunna tocila. Duka ba ya cin minti goma. In za a tambaye ni ko 'yar araha ta cancanci saye, zan ce CPL ko ND mai araha ta isa mai koyo ya san ko yana buƙatar abin ma, in dai ba a aikin kuɗi zai gwada ba, kuma 'yar araha tana da rana in za a kai ta inda ake sa ran ta fashe. UV marar shafe da za a ɗaura a manta da ita kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Hajiya ta sake kira, za a aurar da ƙanwar amaryar. Ban yi zaton za ta neme ni ba. Zaure ɗaya, fitilu iri ɗaya, har da suna a bango. A bakin ƙofa na tsaya na shafa gaban lensi da ɗan yatsa ta gefen malafa, na tabbatar babu komai. Da na kai albam ta sa tabarau, ta bi shafi-shafi tana duba goshin amarya, ba ta sami abin da take nema ba. Ta rufe ta ce, "Madalla, ɗan nan, aljanun sun bar ka." Sannan ta ƙirgo cikon kuɗi ta miƙo mini, na duba na ga babu 20,000. Na ce, "Hajiya, ai bai cika ba." Ta ce ai wancan karon haka aka biya, farashin gidan ke nan.